FILIN KOYON FARANSANCI: Ina Mazaunin Wakilin Suna?

A watan jiya mun tsaya a kan jinsin suna, wato inda ake sa "le" da inda ake sa "la". Yau kuma za mu shiga maganar wakilin suna da wurin zamansa a cikin jimla. Wakilin suna dai shi ne ƴar guntuwar kalmar nan da ke tsayawa a madadin sunan mutum ko na abu, kamar ni, kai, ke, shi, ita, don kada a yi ta maimaita suna. Faransawa na ce masa "pronom". Kalmomin duka ba su fi cikin cokali ba, amma a ganina babu inda Bahaushe ya fi yin tuntuɓe a Faransanci kamar wurinsu.

Wani zai ce, to Malam, tun da dokar watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci kuma ya koma harshen aiki tare da Ingilishi, mene ne na ci gaba da wahalar da kai? Mun yi murna da darajar da Hausa ta samu. Sai dai takardar likita, da takardar neman aiki, da jarrabawar BEPC, da takardun ƴan duwan, har yanzu da Faransanci suke zuwa. Wanda kuma ya ɗauki jaka ya nufi Kwatano ko Lome ko Abijan ko Yawunde, da shi zai nemi hanya.

Bari mu fara da abin da zai kwantar mana da hankali. Ginin jimla mai sauƙi iri ɗaya ne a harsunan biyu: mai yin aiki, sa'an nan aikin, sa'an nan abin da aikin ya faɗa wa. Malaman nahawu na cewa aikau, aikatau, karɓau. Musa ya sayi rago: "Moussa a acheté un mouton." Babarbare yakan kai aikatau ƙarshen jimla, a Larabci kuma sau da yawa da shi ake farawa, amma mu da Bafaranshe layi ɗaya muke bi.

To amma ku sake duba jimlar. A Hausa akwai "ya" tsakanin Musa da "sayi". In aka cire shi aka ce "Musa sayi rago", magana ta lalace. Wannan "ya" ne yaranmu ke ɗauka su kai Faransanci, su rubuta "Moussa il a acheté un mouton". A hira ta baki, su kansu Faransawa suna faɗin haka, ba wanda zai tsayar da kai. A takarda kuwa jan biro ne. In an ambaci suna, "il" ya huta. In babu suna, sai ya fito ya yi aikinsa.

Dalilin wannan bambanci shi ne ginshiƙin darasin yau. A Hausa wakilin suna ne ke ɗauke da lokaci a kansa: na karanta, zan karanta, nakan karanta, in karanta. "Karanta" na nan zaune, na gabansa ne ke sauya riga. A Faransanci abin juye yake. "Je" ba ya motsi, wutsiyar aikatau ce ke sauyawa: "je parle, je parlais, je parlerai". Saboda haka Bahaushe ya saba sa kunne a farkon magana don ya ji ko an yi, ko za a yi, alhali a Faransanci ƙarshen aikatau ake sa wa ido.

Na ce ido, ban ce kunne ba, don kunne ba ya ƙosar da mutum a nan. "Je parle, tu parles, il parle, ils parlent": rubutu iri uku, amma sauti ɗaya tak. Wannan "-ent" na ƙarshe ba a furta shi ko kaɗan, kuma duk yaron da ya karanta "ils parlent" ya ƙare da "lan", to a tsayar da shi tun a ranar. Latin, wanda Faransanci ya fito daga cikinsa, yana bambanta waɗannan wutsiyoyi a baki, shi ya sa ba dole ne a sa wakilin suna ba. Sifaniyanci da Italiyanci ma har gobe suna iya ajiye shi. Su kuwa Faransawa bakinsu ya cinye ƙarshen kalmomi, sai wakilin suna ya zama tilas, don in ba shi ba a san mai aikin ba. Har inda babu kowa sai sun sa shi. Ana ruwa, "il pleut". Wane ne "il"? Babu. Kada abin ya ba ku mamaki, mu ma muna cewa "ya kamata", kuma ba wanda ya taɓa tambaya wane ne ya kamatan. Shi ne "il faut".

Ga su nan: je, tu, il, elle, on, nous, vous, ils, elles. Inda mu muka raba, su sun haɗa. Inda muka haɗa, su sun raba. Mu muna da ka da ki, su "tu" kawai gare su ga namiji da mace. Mu kuma "su" ɗaya gare mu, su suna da "ils" da "elles". Mata goma na zaune, "elles" ne. Yaro namiji ɗaya ya shigo cikinsu, an koma "ils". Mata masu karatu su yi haƙuri, ba ni na kafa dokar ba.

Abin lura a nan, "il" da "elle" suna bin jinsin kalmar Faransanci ne, ba na Hausa ba. Mota ta lalace, "la voiture, elle est en panne", an dace. Amma rana mace ce a wurinmu, wata namiji, su kuma "le soleil" namiji, "la lune" mace. Kasuwa ta cika, amma "le marché", sai "il". Gida ya rushe, amma "la maison", sai "elle".

Sai "tu" da "vous", wanda ya wuce maganar nahawu ya shiga maganar ladabi. "Vous" shi ne ku, amma kuma da shi ake yi wa mutum ɗaya magana in babba ne, ko baƙo, ko wanda aka tarar a bakin aikinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da a gidaje da yawa yaro ba ya ce wa mahaifinsa ko surukinsa "ka", sai "kun kwana lafiya". Shawarata ita ce: likita, alƙali, jandarma, magatakarda, duk wanda ba abokin wasanka ba, fara masa da "vous". In ya ga dama shi zai ce a sauko. Kalmar tana da nauyi a tarihi. A jawabinsa na ranar 30 ga Yuni 1960, ranar da Kwango ta sami mulkin kai, Patrice Lumumba ya lissafa cikin wulaƙancin zamanin mulkin mallaka cewa baƙar fata "tu" ake ce masa, ba don abota ba, sai don an keɓe "vous" ga Turawa. Saboda haka ma'aikacin da ke ce wa dattijo mai furfura "tu" a ofis don ya gan shi da rawani, ya san irin gadon da ya ɗauka.

"On" kuwa ɗan'uwan "an" da "ana" ne, har sautinsu ya so ya yi kama. An sace mini keke: "On a volé mon vélo." Ana sayar da ƙanƙara a nan: "Ici on vend de la glace." A hira kuma yana cin gurbin "nous": "on y va", mu tafi. Ko mutum ɗari yake nufi, aikatau nasa irin na "il" ne.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. In karɓau suna ne, bayan aikatau yake zama, kamar a Hausa: "Je vois Moussa." Da zarar ya koma wakilin suna, sai ya yi tsalle ya dawo gaban aikatau: "Je le vois." Mu muna cewa na gan shi. Mai Ingilishi ma a baya yake sa shi, almajirin da ya yi Larabci kuma ya san a ƙarshen kalma ake liƙa shi. Wato waɗannan harsunan duk a baya suke ajiye shi, shi ya sa "je vois le" da "je connais lui" ke fitowa daga bakin ɗan koyo ba tare da ya ji wani abu ya yi masa ƙaiƙayi ba. Maganinsa maimaici da baki, ba haddar doka ba: je le vois, je la vois, je les vois, il me voit, je te vois, nous vous voyons. A yi ta yi har kunne ya saba.

In aikin ya wuce, wakilin suna na shiga gaban "avoir": "je l'ai vu", na gan shi. In kuma aikatau biyu ne a jere, yana manne wa na biyun, wanda shi ne ainihin aikin: "je vais le voir", zan gan shi, "je veux lui parler", ina so in yi masa magana.

Wannan "lui" da ya fito yanzu shi ne ya kawo mu ga kuskuren da ya fi kowane yaɗuwa, har a bakin waɗanda suka yi nisa a lakkol. Faransanci na da jeri biyu, kamar yadda Hausa ke da su. Na farko: me, te, le, la, nous, vous, les, wato ni, ka, shi, ta, mu, ku, su. Na biyu: me, te, lui, nous, vous, leur, wato mini, maka, masa, mata, mana, muku, musu. Bambancin jerin biyu a mutum na uku kawai yake, kuma "lui" ɗaya ne ga masa da mata. "Leur" na wannan jeri ba ya ɗaukar "s" har abada, ko mutanen sun kai dubu: "je leur parle".

Da a ce kowane "shi" na Hausa "le" ne, kowane "masa" kuma "lui", da mun rufe darasi mun tafi shan shayi. Sau da yawa haka ne: na rubuta masa, "je lui ai écrit"; na gaya masa, "je lui ai dit". Amma akwai aikatau da suka saɓa, kuma su ne na yau da kullum. Muna cewa na ba shi kuɗi, Faransanci na cewa "je lui ai donné l'argent". Muna cewa na tambaye shi, su "je lui ai demandé". Ga kuma juyinsa: na gode masa, "je l'ai remercié", na taimaka masa, "je l'ai aidé". Har aikatau biyu masu ma'ana kusan ɗaya sukan rabu: "je l'ai appelé" amma "je lui ai téléphoné".

Kada a ɗauka wannan ƙaƙale ne na malamai. Ma'ana ce ke sauyawa. "Je lui ai donné" na nufin na ba shi. "Je l'ai donné" na nufin na ba da shi. "Je lui ai dit", na gaya masa. "Je l'ai dit", na faɗi maganar, ko ga wa oho. A ce ana shari'ar rago, alƙali ya nuna maƙwabcinka ya tambaye ka me ya haɗa ku. Kana so ka ce ka sayar masa da rago, "je lui ai vendu un mouton", sai ka ce "je l'ai vendu". Ka shaida wa kotu da bakinka cewa maƙwabcin naka ka sayar. A kotu za a yi dariya a gyara. A takardar yarjejeniya ko ta bashi da aka sa wa hannu, ba mai dariya.

Hanyar ganewa ɗaya ce. In ka buɗe ƙamus, kada ka tsaya ga ma'anar aikatau, duba ko "à" na biye da shi kafin mutum. "Donner à quelqu'un, demander à quelqu'un, parler à quelqu'un, téléphoner à quelqu'un": waɗannan "lui" da "leur" ne. "Aider quelqu'un, remercier quelqu'un, attendre quelqu'un, chercher quelqu'un": babu "à", saboda haka "le, la, les". Ina ba ɗalibaina shawara su ware shafi biyu a bayan kaye, kowane sabon aikatau a jefa shi gidansa.

To in wakilan suna biyu suka haɗu fa, wa ke gaba? Ya ba ni shi: "il me le donne", mutum kafin kaya, kamar Hausa. Amma ya ba shi shi: "il le lui donne", kaya kafin mutum. Ga yadda nake saƙa wa yara shi a ka: wanda ke wurin, wato mai magana da wanda ake yi wa magana (me, te, nous, vous), yana shiga gaban kaya; wanda ba ya nan (lui, leur) sai ya bi bayan kaya. Idon da ya ga rabo shi ke fara ɗauka.

A can ƙarshen layi akwai ƴan ƙanana biyu, "y" da "en". "Y" na wakiltar wuri: "Tu vas à Maradi? Oui, j'y vais." "En" kuwa na wakiltar wani sashe ko adadi na abu, kuma shi ne muka fi mantawa, don Hausa ba ta sa komai a gurbinsa. Yara nawa gare ka? Ina da uku. Bafaranshe ba ya cewa "j'ai trois", sai "j'en ai trois". Akwai sukari? Akwai. "Il y en a." Babu. "Il n'y en a pas." Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kanti ya ji "y en a pas", to wannan ce aka gutsure.

Korewa kuma wuri ne da Bahaushe ya kamata ya fi kowa saurin ganewa, don mu ma da turaku biyu muke ɗaure ta: ba … ba, su kuma "ne … pas". Ban gan shi ba: "je ne l'ai pas vu". Ku lura "ne" na zuwa kafin wakilin sunan karɓau, ba ya raba shi da aikatau. Inda muka rabu shi ne wurin kafa turke na biyu. Namu "ba" yakan tafi can ƙarshe: ban sayi shinkafa a kasuwa ba. Nasu "pas" ba ya nisa, yana nan gindin aikatau mai sauya wutsiya: "je n'ai pas acheté de riz au marché". A hira za ku ji ana haɗiye "ne", a ce "je sais pas". A ji, a gane, amma kada a rubuta.

Wuri ɗaya ne Faransanci ke komowa hanyarmu, wato umurni. Kira shi: "appelle-le". Gaya masa: "dis-lui". Ba ni shi: "donne-le-moi", da ƴar sanda tsakanin kalmomin, "me" kuma ya koma "moi", kaya kuma suka riga mutum. Amma da "kada" ya shigo, kowa ya koma mazauninsa na da: "ne l'appelle pas", "ne me le donne pas". Iyaye mata su riƙe wannan da kyau saboda takardar magani: "donnez-lui" a ba shi ne, "ne lui donnez pas" kada a ba shi.

Tambaya ba ta da wuya. "Tu le connais?" da ɗaga murya, ko "Est-ce que tu le connais?", wanda ya yi daidai da "shin" namu, ko "Le connais-tu?" na takarda. Na tsakiyan ya ishi kowa.

Akwai kuma dokar nan mai cin maki a dikte: in karɓau ya riga aikatau mai tafiya da "avoir", sai aikatau ya bi jinsinsa da adadinsa. Na gan shi, "je l'ai vu". Na gan ta, "je l'ai vue". Wasiƙar na rubuta ta, "je l'ai écrite". Ana danganta kafa dokar ga mawaƙin nan Clément Marot na ƙarni na 16, kuma a 2018 wasu malamai biyu a Beljiyam sun yi kira a sauƙaƙe ta, aka yi ta muhawara a jaridu. Masu gyaran jarrabawa dai ba su sauke ta ba, saboda haka mu ma ba mu sauke ba.

Saura jeri na ƙarshe: moi, toi, lui, elle, nous, vous, eux, elles. Su ne ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su masu tsayawa da ƙafarsu. Da su ake amsa "wane ne?", "c'est moi", su ke bin "avec, pour, chez", kamar "avec lui", da shi, da su kuma ake ƙarfafawa: ni kam na ƙi, "moi, je refuse". Abin da ba sa yi shi ne ɗaukar aikatau ba tare da "je" ko "tu" ba. "Moi partir" da "moi pas connaître" da akan kwaikwayi mazan jiya da su don ba'a, ba laifin tsofaffin ba ne. A 1916 an buga wani ɗan littafi a Faransa don hafsoshin da ke jagorancin sojan Afirka, wanda ya tsara musu irin wannan gurguwar magana, ba sauya wutsiyar aikatau, "moi" da "toi" a ko'ina, wai don a yi saurin ba da oda. Abin da aka koya musu suka dawo da shi gida.

Kira gare ku ƴan'uwana malamai: duk abin da na kawo a sama, da Hausa na auna shi. A da yaron da ya yi Hausa a farfajiyar lakkol "symbole" ake rataya masa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, amma har yanzu akwai mushen da ke ganin faɗuwar girma ne ya rubuta "masa" kusa da "lui" a allo. Minti biyar na kwatanci irin wannan ya fi mako guda na "répétez après moi" ga yaron da bai san abin da yake maimaitawa ba.

Ga aikin gida. A mai da waɗannan Faransanci, a aiko ta hannun edita, a rubuta "Filin Koyon Faransanci" a bayan ambulan:

1. Hadiza ta tambaye shi, bai ba ta amsa ba.
2. Kuɗin, na ba su su jiya.
3. Kada ka gaya mata.
4. An kira ku, Malam, amma ba a same ku ba.
5. Awaki nawa gare shi? Yana da bakwai.

Ta biyun tana da tarko biyu, a yi hattara. Amsoshi na nan tafe a fitowa ta gaba tare da darasin "qui" da "que", in Allah ya kai mu.